Rawa Biyu a Mota Ɗaya: Yadda Muka Gano Abin da Ke Girgiza Motata a Hanyar Zariya

Motar da nake magana a kanta Toyota Hilux ce ƙirar 2008, mai ƙofa huɗu, mai shan fetur, mai giyar hannu, kuma tana da ƙaramar giyar nan da ake sakawa don ƙafafu huɗu su ja idan an shiga laka ko yashi. Da ita nake neman abinci. Ina sayen shanshera a Kura da Kadawa in kawo Kano, ina kai wa masu noman rani taki da iri, sau biyu ko uku a wata kuma nakan je Zariya. Ba zan iya faɗin ranar da ta fara rawa ba, domin a shekarun da ake aikin hanyar Kano zuwa Zariya, tsakanin ramuka da karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya, ba kasafai nake wuce 70 ba, kuma duk wata jijjiga da na ji sai in ɗora wa hanya. Da aka gama shimfiɗa sabuwar kwalta, hanya ta kwanta, na sami damar taka totur yadda ya kamata, sai motar ta nuna mini abin da ta daɗe tana ɓoyewa.

Da zarar allurar maleji ta haura 85, sai sitiyari ya fara kaɗawa a hannuna kamar mai jin sanyin zazzaɓi. Idan na kai 95 zuwa 100 sai kujera ta ɗauka, ƙasan motar ya riƙa wani gurnani da nake ji a tafin ƙafa, madubin tsakiya kuma ya dushe har motar da ke bayana ta zama biyu. Idan na ƙara wuta na wuce 110 abin yakan ɗan lafa, kuma akwai direban da ya ba ni shawarar in riƙa wuce wurin da sauri, tunda a cewarsa kowace mota tana da inda take rawa. Ban ɗauki shawarar ba, domin mutumin da ke ɗauke da buhunan shinkafa a baya, wani lokaci da ɗansa a gefe, ba ya maganin rawar mota da ƙarin gudu.

Wurin mai faci na fara zuwa, kamar yadda kowa yake yi. Ya auna iska ya tarar tayar gaba ɗaya tana 30, ɗayar kuma ta haura 50, alhali ga takardar da kamfani ya manna a jikin ƙofar direba tana nuna yawan iskar da ta dace, ni kuwa ban taɓa tsayawa na karanta ta ba. Da ya leƙa cikin wili sai ya ga busasshiyar lakar gonakin Kadawa ta daskare a gefe guda, ya sa ƙarfe ya kankare ta, abin da ya fito daga ƙafa ɗaya ya cika tafin hannu biyu. Na fita da murna ina zaton an gama. Rawar ta ragu kaɗan, amma tun kafin in kai Kura ta dawo a daidai inda take farawa.

Daga nan na tafi wurin masu balansin. Injinsu yana juya taya da gudu, ya nuna a allo giram nawa ne ya rage a wane gefe, yaron shagon kuma ya buga 'yar dalma a bakin wili don nauyi ya daidaita. Tayoyi uku sun nemi abin da bai wuce giram 30 zuwa 60 ba. Ta gaba ta dama kuwa ta nemi fiye da giram 200, yaron ya jera mata dalma kamar awarwaro, ya sake juyawa, injin ya sake neman ƙari a wani wurin daban, ya ƙara. Ina tsaye ina kallo, ban ce komai ba, domin ban san cewa tayar da take ta neman dalma tana sauya wuri tana faɗa wa mutum ne cewa ciwonta ba na nauyi ba ne. Aka haɗa mini da alaimen, saboda a shagon tare ake sayar da su, na biya. Daga baya na fahimci cewa alaimen maganin motar da ke janyewa gefe ɗaya ne, ko wadda ke cin taya ta baki guda, kuma da wuya ya warkar da rawar da ke zuwa a wani gudu na musamman. Sitiyarin ya yi sauƙi kamar da rabi, gurnanin ƙasa kuwa ko gezau.

Kuskuren da ya fi ci mini kuɗi shi ne na uku. Wani makanike ya saurari bayanina, ya danna bayan motar da hannu sau biyu, ya ce shokazoba ne suka mutu. Bai shiga motar ba, bai tuƙa ta ba, ni ma ban nemi ya yi hakan ba. Na sayi guda huɗu sababbi aka ɗaura. Motar ta ƙara daɗin hawa a kan hanyar burji, wannan gaskiya ne, amma da na hau kwalta na kai 95, madubi ya sake dushewa kamar ba a taɓa komai ba. Da na koma masa sai ya ce to lallai tayarod ne, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa, ko kuma roban da injin ke zaune a kai. A nan na tsaya, domin na ga alamar za mu bi sassan motar ɗaya bayan ɗaya muna sauyawa har sai aljihuna ya ƙare ko mu dace.

Wani abokina da ke jigila tsakanin Kano da Kaduna ne ya kwatanta mini wani dattijon makanike, wanda garejinsa bai wuce inuwar darbejiya biyu da rami ɗaya da bencin ƙarfe ba. Bayan mun gaisa na fara lissafa masa abubuwan da aka sauya, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Alhaji, bar wannan tukuna. A ina kake jin ta, a hannunka ko a kujerarka?” Na ce duka. Ya ce, “Wacce take riga zuwa?” Na yi shiru, domin wata biyu ina fama da abin amma ban taɓa raba shi gida biyu ba. Ya tambaye ni ko tana sauyawa idan na ɗaga ƙafa daga totur, ko idan na taka birki, ko idan akwai kaya, ko da safe kafin taya ta yi zafi. Rabin tambayoyin ba ni da amsarsu. Ya wanke hannu ya ce mu hau hanya, domin mota a tsaye ba ta rawa.

Mun wuce Na'ibawa muka bar cunkoso, muka sami miƙaƙƙen wuri da babu motoci sosai. Ni nake tuƙi, shi kuma ya cire takalmi ya ɗora tafin ƙafarsa a ƙasan motar, hannunsa ɗaya a kan sandar giya. Ya sa na riƙe 100 a giya ta biyar, sannan ya ce in sauko ta huɗu ba tare da na rage gudu ba. Kukan injin ya ƙaru sosai, amma rawar ba ta ƙaru ba kuma ba ta ragu ba, ya ce to injin da robobinsa sun fita daga zargi, domin da daga can take, da ta bi juyin injin, ba gudun mota ba. Ya sa na taka birki a hankali daga 100, ya tambaye ni ko birkin yana bugun ƙafata, na ce a'a, ya ce faifan birki ma lafiyarsa ƙalau. Sai ya ce in sa firi na ɗan lokaci in bar ta ta gangara, injin yana kunne, ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in kashe shi, tunda da shi birki da sitiyari suke samun ƙarfi. A nan na ji abin da ban taɓa lura da shi ba: sitiyarin ya ci gaba da kaɗawarsa kamar dā, gurnanin ƙasa kuwa ya yi sanyi, ko da yake bai ɓace ba. Da na mayar da giya na taka totur sai muka ji wani ɗan ƙwas daga ƙarƙashin bayan motar, gurnanin ya dawo da ƙarfinsa.

A gefen hanya kusa da Kwanar Gafan ya ce mini rawa biyu ce a motar, ni kuma nake ba ta suna ɗaya. Ta hannu kaɗawa ce, wadda mutum yake ji kamar zai iya ƙirga ta, kuma irin wannan daga ƙafa take zuwa. Ta kujera kuwa ruri ce, ta fi ƙarfin ƙirga, tana dusar da madubi, tana kuma sauyawa da totur, irin wannan kuwa daga farfela take zuwa, wato dogon ƙarfen nan da ke ɗauko juyi daga giyabos ya kai wa aksil na baya. Da na koma gida na zauna na yi lissafin da kaina, domin ina so in san dalili. Tayar motata 205R16 ce, kewayenta kimanin mita 2.3. Gudun kilomita 100 a awa yana nufin kusan mita 28 a daƙiƙa, ke nan taya tana juyawa sau 12 a kowace daƙiƙa. Farfela kuma tana juyawa sau huɗu da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya, wato wajen sau 50 a daƙiƙa. Bugu 12 a daƙiƙa hannu yana jin sa a matsayin kaɗawa, bugu 50 kuwa ya zama sauti. Lissafin ya kuma nuna mini abin da ya sa ƙaramin nauyi ke girgiza mota mai girma haka: ƙarfin da nauyin da ya karkata yake jan taya da shi yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, don haka giram 50 na laka ko na dalmar da ta faɗi daga bakin wili yana zama kamar kilo shida da ke fizgar ƙafar sau 12 a daƙiƙa idan an kai 100, alhali a gudun 50 bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Shi ya sa a cikin gari ban taɓa jin komai ba.

Da muka koma gareji ya fara da ƙafafu. Ya sa waigi, ya ɗaga ƙafar gaba ta dama, ya kama ta sama da ƙasa ya jijjiga, sannan hagu da dama, bai sami wasa a boris ko tayarod ba. Sai ya ajiye bulo a gaban tayar, ya ɗora alli a kai ya riƙe shi daram, bakin allin yana dab da taɓa roba, ya sa yaronsa ya juya tayar da hannu a hankali. Allin bai taɓa ta ba sai a wuri ɗaya, inda ya bar farin layi mai tsawon tafin hannu, kuma duk juyi a nan yake gogawa. Ya mayar da allin bakin wili, ya zagaya lafiya ba tare da tangarɗa ba, ke nan ƙarfen bai lanƙwashe ba. Ya ce in durƙusa ta gaba in kalli zanen tayar yayin da take juyawa. Layukan da ya kamata su tafi a miƙe sai na ga suna karkacewa kamar tafiyar maciji idan an zo daidai wurin allin. Ya kama hannuna ya shafa wurin da shi, na ji tudun da ido bai nuna mini ba. Wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zanen sun rabu da robar, tayar ta yi ciki. Ya ce injin balansin nauyi yake aunawa, bai san siffa ba, kuma ƙwai ko an daidaita nauyinsa ba zai gangara kamar ƙwallo ba.

Ya nuna mini lambobi huɗu a gefen tayar, a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 3117. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an yi ta a mako na 31 na shekarar 2017. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa a daina amfani da taya bayan shekara huɗu da ƙera ta, tawa kuwa ta wuce haka da nisa, kuma 'yar Kwatano na saya saboda zanenta yana da kauri kuma kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba. Araha ba ta ado, na sani, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tunanin abin da zai faru da ta fashe a gaba, a zafin watan Afrilu, da kaya a baya. Duk da haka bai ce in je in sayi sabuwa ba. Ya ce a sauko da safaya a ɗaura a wurinta mu sake hawa hanya, domin ba ya so in kashe ko kwabo a kan zato. Muka hau, sitiyarin ya kwanta a hannuna tun daga 80 har 110. Sai a lokacin na sayi sababbi biyu na gaba, aka yi musu balansin, kowacce ta ɗauki 'yar dalma kaɗan ta yi shiru. Kafin a ɗaura ya sa aka goge tsatsa da ƙasa daga fuskar da wili ke zama a kai, sannan ya ɗaure notuna shidan da hannu, yana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa, ba ya bin su a jere, don wilin ya zauna daidai a tsakiya.

Na so a wuce kan farfela a ranar, ya ƙi. Ya ce in je in yi kwana biyu ina hawa, in saurari abin da ya rage shi kaɗai, domin idan aka taɓa abu biyu a rana ɗaya ba za a san wanda ya yi aiki ba. A lokacin na ɗauka jan rai ne irin na dattijai, amma a kwana biyun na iya tantance cewa rurin yana farawa ne daga 92, ya fi ƙarfi a 100 idan ana hawan tudu, yana ƙaruwa idan akwai kaya, kuma ƙwas ɗin nan yana zuwa duk lokacin da na tashi daga tsaye ko na sa ribas.

A rana ta uku aka hau da ita kan rami, aka sa waigi gaba da baya, aka bar giya a firi don farfela ta saki. Na sauka ramin tare da shi da tocila. Farfelar baya ta irin wannan mota gida biyu ce, a tsakiya akwai boris da ke cikin zoben roba wanda aka ɗaure a jikin shasi, akwai kuma gaɓoɓi uku da makanikai ke kira kuros, kowanne ƙarfe ne mai hannu huɗu kamar gicciye, kowane hannu yana juyawa a cikin ɗan kofi mai cike da siraran allurai. A gidan baya akwai wurin da ƙarfe ɗaya ke shiga cikin ɗaya da haƙora, yana zamewa ciki da waje don farfela ta ƙara tsawo ko ta rage idan sifirin ya lotsa. Ya kama kowace gaɓa ya murɗa, ya tura sama da ƙasa. Biyun farko ba su motsa ba. Robar boris na tsakiya ta tsage ta gefe ɗaya, farfela tana lilo a ciki fiye da kima. Kuros na ƙarshe, wanda ke jikin aksil, shi ma bai nuna wasa sosai ba, har na ce ai wannan lafiyarsa lau. Sai ya haska bakin kofi ɗaya ya ce in duba. Akwai jan gari kamar na bulo ya zagaye shi. Ya ce wannan tsatsa ce da ke fitowa daga allurai da suka bushe suna cin juna, kuma kuros ɗin da ya ƙage ya fi mai wasa wuyar ganewa, domin a jikin mota tauri yake yi kamar sabo.

Gwajin da ya yi bayan haka shi ne ya fi burge ni a duk aikin. Ya ɗauko farin fenti ya ja layi a kan kowace mahaɗa, a faifan da ke jikin ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi, da na tsakiya, da na jikin aksil, sannan ya kwance farfelar baya gaba ɗaya ya ajiye ta a ƙasa. Ya sa giyar ƙafa huɗu, motar ta koma tana ja da ƙafafun gaba kaɗai, ya ce mu tafi a hankali, ba kaya, ba fizga. Na ɗauki gudu sannu sannu har 100, madubi ya tsaya cak, ƙasan motar ya yi tsit. Ya tuna mini cewa tayoyin baya suna nan suna juyawa, suna kuma juya cikin aksil ɗin, saboda haka da ciwon yana can da mun ji ko da kaɗan ne. Abin da ke ruri shi ne wanda muka baro a ƙasan darbejiya.

A kan benci kuros na ƙarshe ya tona kansa. Ta hannu biyu yana lanƙwasa da sauƙi, ta ɗaya ɓangaren kuwa sai an sa ƙarfi, yana tafiya yana cijewa. Da aka fitar da kofunan, biyu suna da sauran giris, biyun kuma sun bushe ƙayau, allurai sun zama gari, hannun gicciyen ya yi tsage-tsage inda suka nutse a jikinsa. Ɗan bakin da ake ɗura giris ta cikinsa ya toshe da laka, kuma da alama an shekara ba a taɓa shi ba. A nan laifin nawa ne, domin duk lokacin da na kai sabis, a juye baƙin mai a sauya filta nake cewa, ban taɓa tambayar ko an shiga ƙasa da famfon giris ba, ga shi kuwa motar tana ratsa ruwa da laka duk damina.

Na ɗauka mun kai ƙarshe, sai na ga dattijon ya shimfiɗa gidan baya na farfelar a kan siminti, ya tsuguna a ƙarshenta yana hangen tsawonta da ido ɗaya kamar mai duba miƙewar gora. Ya ce, “Alhaji, wa ya taɓa raba wannan?” Kunnuwan ƙarfen da ke riƙe kuros a wannan kai da na wancan kai ya kamata su kasance a layi ɗaya, ta yadda idan na nan suna kwance, na can ma suna kwance. Nawa kuwa na can sun karkace. Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci shi ne, kuros ɗin da ke aiki a karkace ba ya miƙa juyi daidai wa daida, sai ya sa ƙarfen da ke bayansa ya ɗan yi sauri ya ɗan yi jinkiri sau biyu a kowane zagaye. Kuros na biyu shi ke warware wannan, ya mayar da juyin sumul kafin ya shiga aksil, amma ba zai iya ba sai kunnuwan suna layi ɗaya. Idan aka zare haƙoran aka mayar da su ba a inda suke ba, maimakon na biyu ya gyara ɓarnar na farko sai ya bar ta ta wuce, ko ma ya ƙara mata. Ya zare, ya ƙirga, ya ce haƙori uku aka tsallake. Nan take na tuna ranar da aka sauya mini kuloci, wata takwas kafin nan, lokacin da na ga yaron garejin da aka yi aikin ya ɗauko farfelar ta rabu biyu a hannunsa, ya goge yashi da tsumma, ya cusa ta ya mayar. Ban ga aibun hakan ba a lokacin, shi ma na tabbata bai gani ba. Dattijon yana ganin wannan jijjigar ce ta yaga robar tsakiya, ta kuma ƙarasa kuros ɗin da dama ƙishirwar giris ta raunana.

Na tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Kofar Ruwa da tsohon kuros a leda, domin ya ce kada in sayi da suna, in sayi da awo, a gwada faɗin kofi da tsawon gicciyen a gabana. Na ɗauki mai tsadar cikin waɗanda aka nuna mini, mai bakin giris, na haɗa da sabon boris na tsakiya, kuma kuɗin su biyun bai kai rabin abin da na kashe a kan shokazoba ba. Wajen ɗaurawa bai bar wa yaro ba. Ya shafa giris a cikin kowane kofi don alluran su manne a tsaye, ya matsa su a hankali maimakon ya rufe su da guduma, ya ce idan allura ɗaya ta kwanta a gindin kofi ba a gani ba, zoben da ke riƙe kofin ba zai zauna ba, mai gaggawa kuma sai ya ƙara duka ya fasa komai. Da zobban huɗu suka shiga ramukansu, ya ɗan ƙwanƙwasa kunnuwan har gaɓar ta saki tana lanƙwasa ta kowane gefe da yatsa biyu, sannan ya ɗura giris har ya ga ya ɓullo ta bakin kofuna huɗun duka. A wurin haƙoran kuwa kaɗan ya sa, ya ce idan aka cika shi ba zai sami wurin zamewa ba. Boris na tsakiya bai ƙarasa ɗaure shi ba sai da ya tabbatar ya zauna daidai da layin farfela, kuma duk wata mahaɗa ta koma kan fentinta.

Saura abu ɗaya da ya gaya mini tun kafin mu fita. Kunnuwan suna yin layi a wuri biyu, ko a nan ko a juya su rabin zagaye, amma ɗaya ne kawai yadda kamfani ya haɗa lokacin da ya daidaita nauyin farfelar, ya nuna mini 'yan faci-facin ƙarfen da aka yi wa walda a jikinta saboda haka. Tunda wanda ya raba ta bai bar alama ba, sai dai a gwada. Gwajin farko rurin ya ragu ƙwarai, ƙwas ɗin ya tafi, amma a daidai 100 akwai wani ɗan zuu da ke tashi a tafin ƙafa, wanda da ni kaɗai ne da na ce ya isa haka. Shi bai yarda ba. Muka koma, ya kwance ƙarshen baya, ya zare haƙoran ya juya rabin zagaye ya mayar, aikin da bai wuce minti 20 ba. A fita ta biyu na kai 100 a hawan da ya fi tayar da rurin, na kalli madubi, na karanta lambar tankar da ke bayana harafi da harafi.

Kafin mu rabu ya zagaya bayan motar ya nuna mini yadda sifirin ya fara miƙewa, ya tambaye ni buhu nawa nake ɗora mata. Na faɗa masa, ya girgiza kai ya ce motar da aka yi don kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, idan aka danne ta haka aksil yana sauya zama, kusurwar da kuros ke aiki a kai tana sauyawa, sabon ma ba zai daɗe ba. Na rage buhu huɗu daga lodina, ko da yake hakan yana ƙara mini sawu ɗaya a mako lokacin kaka. Ya kuma sake shiga ramin da gwangwanin fentinsa ya ja farin layi mai kauri a kan ɓangarorin biyu na wurin haƙoran, don duk wanda ya sake raba su ya san inda zai mayar. Layin yana nan, nakan gan shi duk sabis idan na sauka ramin ina jiran giris ya ɓullo ta kofuna huɗu. Tsofaffin shokazoba huɗun nan kuwa, da na kai masa ya danna su ɗaya bayan ɗaya, uku lafiyarsu ƙalau, suna nan jingine a zauren gidana.